Ajin da ya iya lissafi amma bai yarda da Newton ba

## Yadda ajin yake tun farko

Malamar da wannan bayani ya shafa ta daɗe tana koyar da fiziks a babbar sakandare, kuma ba a taɓa kai ƙararta wurin shugaban makaranta ba. Tana shiga aji a kan lokaci, rubutunta a allo tsaf yake, tana kuma gama manhaja kafin jarrabawa. Ajin da ake magana a kansa na 'yan shekarar farko ne a babbar sakandare, ɗalibai kusan 60, maza da mata. Sau 3 suke haɗuwa da ita a mako, kowane darasi minti 40. Akwai ɗakin gwaje-gwaje, sai dai kayan cikinsa ba su isa kowa ya sa hannu ba.

Tsarin darasinta ba ya canjawa. Ta ɗauki minti 5 tana tuna musu na baya, ta shiga sabon batu, ta warware misali 2 ko 3 a allo, su kwafa. Dab da kaɗa ƙararrawa sai ta ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Mun gane, Malama." In ta jefa tambaya, hannaye huɗu ko biyar ne ke tashi, kuma kullum masu su ɗaya ne. Sauran sun riga sun gane cewa in suka yi shiru na ɗan lokaci wani zai amsa, ko malamar ta amsa da kanta ta wuce.

Makin ajin bai nuna wata matsala ba. In aka ba su nauyin abu da yadda gudunsa ke ƙaruwa aka ce su nemo ƙarfin da ke tura shi, sai su dasa lambobi a cikin dabarar da suka haddace, amsa ta fito daidai. Babu wanda yake da dalilin yin shakka.

## Zangon farko, mako na 7: tambayoyin da babu lamba a cikinsu

Da lokacin gwajin tsakiyar zango ya zo, shugaban sashen kimiyya, wanda shi ke duba takardun tambayoyi kafin a buga, ya ba ta shawara ta ƙara wasu tambayoyi marasa lissafi, a ga abin da yaran za su ce in aka ɗauke musu dabarar da suka dogara da ita. Ta ƙara guda 5, a ranta tana cewa makin kyauta ne take raba musu.

Ɗaya daga ciki ta ce: babbar mota ɗauke da kaya ta yi karo gaba da gaba da ƙaramar mota. A lokacin karon, wacce ce ta fi tura ɗayar da ƙarfi? Wata kuma ta ce: an cilla ƙwallo sama, ta bar hannu, tana kan hawa. In aka ajiye batun iska a gefe, wane ƙarfi ne ke aiki a kanta?

A ɓangaren lissafi, yawancin ajin sun ci fiye da rabin maki. A tambayar motocin kuwa, waɗanda suka ce ƙarfin daidai yake ba su kai ɗaya bisa ukun ajin ba. Abin da ya fi damun malamar shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka zaɓi babbar mota sun rubuta dokar motsi ta uku ta masanin kimiyya Isaac Newton kalma bayan kalma a shafin da ya gabata, cewa duk abin da ya tura wani, shi ma ana tura shi da ƙarfi daidai wa daida ta ɗaya gefen. Sun ci makin haddar, suka juya shafi suka ƙaryata ta. A kan ƙwallon ma, mafi yawa sun ce akwai wani ƙarfin hannu da ke raka ta sama yana raguwa har ya ƙare, alhali da zarar ta bar hannu jan ƙasa ne kaɗai ke aiki a kanta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a koyar da fiziks. A 1985 Ibrahim Halloun da David Hestenes na Jami'ar Jihar Arizona a Amurka suka wallafa binciken da ya nuna ɗaliban jami'a na shiga kwas ɗin fiziks da nasu tunanin game da motsi, su kuma fita da mafi yawansa yadda yake, ko da wane malami ne ya yi musu lacca. Tunanin nan ba na wauta ba ne. Yaro ya girma yana ganin keke yana tsayawa in an daina taka shi, yana ganin ƙaramar mota ce ke lotsewa in an yi haɗari. Daga nan ya gina nasa ilimin, wanda ya yi masa aiki shekara goma sha, sannan a ce layi biyu a allo su rushe shi cikin minti 40.

## Sauran zangon farko: ƙarin bayani da nuni

Abin da malamar ta fara yi shi ne abin da kowane malami mai himma zai yi. Ta ɗauka bayanin ne bai fita ba, ta sake shi a hankali, da sababbin misalai da zane. Ta ware darasi guda cur ga dokar ta uku. Ta buɗe ƙarin darasi bayan tashi ga waɗanda suka fi faɗuwa, ko da yake waɗanda suka riƙa zuwa yawanci masu ƙoƙarin ne.

Daga nan ta koma nuni, a bisa cewa gani ya kori ji. Ta kawo ma'auni biyu masu sifirin, irin waɗanda ake rataya abu a jikinsu allura ta nuna ƙarfin ja. Ta sarƙa ƙugiyar ɗaya da ta ɗayan, ta kira yaro mafi girman jiki a ajin da wata yarinya 'yar ƙarama, kowa ya riƙe nasa. Ta ce yaron ya ja, yarinyar ta riƙe kawai. Allurai biyun suka tsaya a lamba ɗaya. Aka sauya, yarinyar ta ja, haka dai aka samu. Aji ya yi tafi, wasu suka hau benci don su gani.

Bayan mako 2 ta sake tambayar cikin wata riga: ƙwaro ya bugi gilashin mota mai gudu, wa ya fi bugun wani da ƙarfi? Masu amsa daidai sun ƙaru, amma ƙarin bai taka kara ya karya ba, har yanzu ba su kai rabin ajin ba. Da ta tambayi wasu abin da suka gani ran nan, sai wani ya ce da tabbaci ma'aunin babban yaron ne ya fi nuna lamba mai yawa. Ba ƙarya yake yi ba. Abin da ya sa rai zai gani ne ya zauna masa a ka a matsayin abin da ya gani.

Catherine Crouch da abokan aikinta sun auna irin wannan a Jami'ar Harvard, suka wallafa a 2004: ɗaliban da suka zauna suka kalli nuni kawai ba su fi waɗanda ba su gani ba iya bayyana dalilin abin, amma waɗanda aka sa su faɗi hasashensu kafin a yi nunin sun fi fahimta. Malamar ba ta nemi hasashen kowa ba a ranar ma'aunan. Zangon ya ƙare da sakamako mai kama da na tsakiyarsa.

## Zango na biyu, mako na 1 zuwa na 4: aikin rukuni

A lokacin hutu ta halarci wani taron bita na malamai, inda aka yi ta nanata cewa ɗalibi ne ya kamata ya riƙa aiki a aji, malami ya ja da baya. Ta dawo da niyyar juya komai. Batun zangon wutar lantarki ne. Ta raba ajin rukuni-rukuni, kowanne mutum 8 zuwa 10 gwargwadon kayan da ake da su, ta ba su batir da waya da kwan fitila, ta ce su haɗa su gano dokokin da kansu, kowane rukuni ya kawo rahoto.

Jan benci da zaman rukuni kaɗai kan cinye kusan minti 10. A kowane rukuni, mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da waya, kuma su ne dai masu ɗaga hannun nan na da. Ɗaya yana rubutu, sauran suna kallo ko hira. Malamar tana zagayawa, kafin ta kai rukuni na ƙarshe na farko sun watse. Malamin ajin da ke maƙwabtaka ya yi ƙorafin hayaniya.

Akwai abin da ya fi hayaniyar muni. Wani rukuni ya jera kwan fitila biyu a kan waya ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya haske saboda ba iri ɗaya ba ne, suka rubuta cewa na farko ya shanye wutar, ragowa ce ta isa na biyu. Wannan shi ne kuskuren da aka fi sani a wannan batu, ga shi yanzu sun samu abin da suka ɗauka hujja ce da suka gani da idonsu. Sai da rahoton ya iso hannun malamar bayan kwanaki ta san abin da ya faru.

A 2006 Paul Kirschner da John Sweller da Richard Clark sun yi rubutun da aka yi ta jayayya a kansa, inda suka tattara hujjoji cewa sakin sabon ɗalibi ya gano ilimi da kansa ba tare da cikakken jagoranci ba ba ya haifar da ɗa mai ido. Dalilinsu shi ne abin da kan mutum zai iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne, wanda bai san batu ba kuwa sai hankalinsa ya ƙare a kan wayar da ta kwance da batirin da ya juya, abin da ake so ya koya ya wuce shi.

A ƙarshen mako na 4 ajin yana bayan jadawali da kusan mako 2. Malamar ta gaya wa shugaban sashe cewa ta gwada sabon salon, bai dace da aji mai yawa ba, za ta koma yadda ta saba.

## Zango na biyu, mako na 5 zuwa na 10: kowa ya ɗaga amsarsa

Shugaban sashen ya roƙi ta bar shi ya zauna a bayan aji darasi ɗaya kafin ta yanke. Bayan darasin ya tambaye ta abu ɗaya: a cikin minti 40 ɗin nan, Malama, yaushe ne yarinyar da ke kusurwa ta zama dole ta yi tunani a kan wutar lantarki? A salon lacca babu irin wannan lokaci. A salon rukunin ma babu.

Suka zauna suka tsara wani abu mafi sauƙi, suna koyi da hanyar da Eric Mazur ya fara amfani da ita a ajinsa na fiziks a Harvard a 1991. Ba a motsa benci ko ɗaya ba. Kowane ɗalibi ya yage falle ɗaya, ya naɗe shi huɗu, ya rubuta A, B, C da D da manyan baƙaƙe. Malamar ta yi bayani na minti 8 zuwa 10, ta rubuta tambaya ɗaya a allo da amsoshi huɗu, waɗanda uku daga cikinsu kurakuran da ta san yara na yi ne. Minti 1 na shiru, ba magana, ba leƙe. In ta ƙirga uku kowa ya ɗaga takardarsa a ƙirji, yadda ita kaɗai ke gani. Ba ta faɗin amsa. Sai ta ce kowa ya nemi na kusa da shi mai wata amsar daban ya shawo kansa, minti 2. A sake ɗagawa. Sannan ta yi bayani.

Ga yadda wani darasi ya gudana a mako na 6. Zanen allo ya nuna batir ɗaya da kwan fitila biyu iri ɗaya a jere kan waya guda. Tambayar: wanne zai fi haske? A, na kusa da kan batir mai alamar tarawa. B, ɗayan. C, daidai suke. D, ɗaya ne kawai zai kama. A ɗagawar farko kusan rabin ajin na kan A, C na biye, B da D 'yan tsiraru. Malamar ta ce daga baya wannan ne karo na farko da ta ga tunanin ajinta gaba ɗaya a lokaci guda, kuma bai yi mata daɗin gani ba.

Ta zagaya tana saurare ba ta sa baki. A benci na huɗu wani yaro yana cewa wuta daga batir take fitowa, dole na farko ya ci rabonsa kafin ta wuce. Maƙwabciyarsa ta ce, "To in ka juya batirin fa? Sai hasken ya koma wancan?" Ya ce eh mana. Ta ce to ita wutar da na farko ya cinye ina ta shiga, tunda waya ɗaya ce babu wata hanya? Yaron ya yi shiru yana bin zanen da bakin biro. Bai ce ya yarda ba, amma a ɗagawa ta biyu C ya nuna, tare da fiye da kashi biyu bisa ukun ajin.

Sai a lokacin malamar ta ɗauko batir da kwan fitila biyu da ta tabbatar iri ɗaya ne. Yanzu kowa yana da abin da ya sa a gaba, ajin ya yi tsit. Suka kama da haske ɗaya. Ta juya batirin, babu abin da ya sauya. Bayanin da ya biyo baya bai wuce minti 4 ba: abin da ke gudana cikin waya ba ya ƙarewa a hanya, yawan da ya shiga kwan fitila shi ke fita, abin da kwan ke juyawa zuwa haske da zafi makamashin da batir ke bayarwa ne. Kusan kalmomin da ta saba faɗa ne duk shekara. A wannan karon sun sauka a kan tambayar da yaran suka riga suka yi gardama a kanta.

Ba kowace tambaya ce ta yi aiki ba. Makonnin farko sun nuna mata cewa tambayar hadda, irin ta "mene ne sunan ma'aunin kaza", ba ta da abin tattaunawa, kowa ya ɗaga amsa ɗaya a wuce. Tambayar da ta yi tsauri kuma, wadda mutum biyar kaɗai suka samu, tattaunawa ba ta gyara ta sai ƙara rikita ta, domin babu isassun masu dalili mai kyau a cikin benci. Masu amfani da wannan hanya sukan ce tattaunawa ta fi amfani in waɗanda suka dace a ɗagawar farko suna tsakanin kashi 30 zuwa 70 cikin ɗari. In sun haura haka sai ta taƙaita ta wuce, in sun gaza sai ta koma bayani. Rubuta tambaya ɗaya mai kyau kan ɗauke ta lokaci fiye da shirya tsohon darasi gaba ɗaya, kuma mafi kyawun amsoshin ƙarya daga tsofaffin takardun jarrabawar yaran ta tsinto su.

Ta ƙara ƙananan abubuwa biyu. Na farko jira. Tun a shekarun 1970 Mary Budd Rowe ta auna cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa 1 kacal bayan sun yi tambaya, kuma in jiran ya kai daƙiƙa 3 ko fiye amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Malamar ta fara ƙirgawa a zuci, ta ce daƙiƙa 5 a gaban yara 60 masu kallonta ta fi tsawo fiye da yadda ta zata. Na biyu, ta sauya minti 5 na farkon darasi. Maimakon ta tuna musu na baya, sai su rufe littafi su rubuta abin da suka tuna, sannan su buɗe su gyara. Gwajin Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na 2006 ya nuna masu sake karatu kan fi tunawa bayan 'yan mintuna, amma bayan mako guda masu ƙoƙarin tunowa da ka ne ke gaba.

Wata malama a sashen ta kawo shakka mai ma'ana: anya ba kwaikwayon masu ƙoƙari kawai yaran ke yi a ɗagawa ta biyu ba? Michelle Smith da abokan aikinta a Jami'ar Colorado sun gwada wannan a ajin ilimin gado na halittu, suka wallafa a 2009. Bayan tattaunawa sai su ba da sabuwar tambaya mai tushe ɗaya da ta farko, kowa ya amsa shi kaɗai. Ɗaliban sun fi dacewa a sabuwar tambayar, har a rukunonin da babu wanda ya san amsa tun farko. Malamar ta ari dabarar, takan bi tambaya da 'yar'uwarta a darasi na gaba ba tare da tattaunawa ba.

## Ƙarshen zango na biyu: ƙorafi

Waɗanda suka fara ƙorafi masu ƙoƙarin ajin ne. Wata ɗaliba da ta saba zuwa ta ɗaya ta same ta bayan darasi ta ce, "Malama, da kina koya mana, yanzu mu muke koyar da kanmu." Wasu suka ce suna fita aji a rikice, alhali da komai a fili yake. Wani uba ya aiko tambaya ta hannun shugaban makaranta, me ya sa littafin ɗansa ya daina cika da rubutu.

Wannan ji na gaske ne, kuma an auna shi. A 2019 Louis Deslauriers da abokan aikinsa a Harvard suka koyar da darasi ɗaya ta hanya biyu, lacca mai santsi da kuma darasin da ɗalibai ke fama da matsala da kansu kafin bayani. Ɗaliban sun ce sun fi koyo a laccar, gwajin da aka yi musu kuwa ya nuna akasin haka. Bayani mai tsari kan sa mai saurare ya ji kamar ya gane, wahalar tunani kuma kan sa ya ji kamar ya kasa.

Malamar ba ta yi musu da su ba. Ta ɗauki minti 10 ta rubuta a allo yadda ajin ya amsa tambayar motoci a zangon farko bayan duk bayananta, da yadda yake amsa tambayoyin lantarki yanzu. Ta gaya musu ruɗewar da suke ji kafin bayani wani ɓangare ne na aikin, kuma babu makin da za a rage wa kowa don ya ɗaga amsar kuskure. Ta kuma amince da gaskiyar da ke cikin ƙorafin: tana barin wasu darussa ba tare da rufewa ba in lokaci ya ƙure. Daga nan ta ware minti 5 na ƙarshe, ko me ake ciki, ta rubuta taƙaitaccen bayani a allo su kwafa.

Batun manhaja ma sai da aka yi ciniki. Ta rage misalan da take warwarewa a allo daga uku zuwa ɗaya, sauran suka koma aikin gida. Ma'anonin da ake kwafa ta mayar da su karatun kafin darasi. Ta rufe giɓin mako 2 ɗin nan zuwa tsakiyar zango na uku, amma ƙananan batutuwa biyu a gurguje aka bi ta kansu.

## Zango na uku: abin da jarrabawa ta nuna

Jarrabawar ƙarshen shekara ɗaya ce ga duka azuzuwan wannan mataki, kuma shugaban sashe ya sa tambayoyi 10 marasa lissafi a ciki, waɗanda babu ajin da ya taɓa ganinsu. Wani malami ne ya yi makin. A ɓangaren lissafi ajin malamar bai faɗi ba, ya ɗan ɗara ɗaya ajin da aka ci gaba da yi wa lacca, amma tazarar ƙarama ce. A tambayoyin fahimta tazarar ta fito sarai: matsakaicin ɗalibi a ajinta ya samu fiye da rabi, a ɗaya ajin bai kai rabi ba.

Ƙaruwar maki ta fi yawa a tsakiya da ƙasan ajin. Na sama suna nan a sama. Yawan waɗanda suka faɗi fiziks gaba ɗaya ya ragu idan aka kwatanta da zangon farko. Batun ƙarfi da motsi, wanda aka koyar da tsohon salo sai bita ta darasi biyu da aka yi masa da takardun ɗagawa, shi ne ya kasance mafi rauni a takardunsu.

## Hukunci

Aji ɗaya a shekara ɗaya ba ya kafa hujja shi kaɗai. Malamar ta ƙara himma, yaran sun ƙara wata tara na girma, kuma malaman azuzuwan biyu ba ɗaya ba ne. Abin da ke ba sakamakon nauyi shi ne ya yi daidai da manyan bincike. A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon kwasa-kwasan fiziks 62 masu ɗalibai 6,542, daga sakandare zuwa jami'a. Ya duba abin da ɗalibi ya cike a ƙarshen kwas daga makin da ya rasa a gwajin farkon kwas: a azuzuwan lacca matsakaicin ya tsaya a kashi 23 cikin ɗari, a azuzuwan da ɗalibai ke amsawa da tattaunawa ya kai kashi 48. A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka haɗa bincike 225 na darussan kimiyya da lissafi da injiniyanci a jami'o'i, suka samu masu faɗuwa kashi 33.8 a azuzuwan lacca, kashi 21.8 a ɗaya ɓangaren.

A ganina, abin da ya raba ƙoƙarin da ya faɗi da wanda ya ci a wannan aji ba yawan motsi ba ne. Aikin rukunin ya fi kowane darasi motsi da kaya da magana, kuma shi ya fi ɓata lokaci. Takardar da aka naɗe huɗu ta yi abubuwa biyu da sauran suka kasa. Ta tilasta wa kowane yaro ya fito da tunaninsa ya tsaya a kai kafin ya ji amsa, ta yadda in bayani ya zo zai ci karo da wani abu a kansa. Ta kuma nuna wa malamar kuskure a minti na 15, ba bayan mako 7 ba. Ƙarin bayanin zangon farko ya kasa ne don yana amsa tambayar da yaran ba su yi ba. Nunin ma'aunan ya kasa don babu wanda ya yi hasashe. Rukunonin sun kasa don sun ba mutum takwas damar fakewa a bayan biyu, sun kuma janye malamar a daidai lokacin da sabon ɗalibi ya fi buƙatarta.

Masu cewa malami ya ja da baya sun yi mata illa fiye da amfani. Ba ta daina bayani ba, kuma da ta daina da ajin ya lalace. Bayanin ya gajarta ne, ya koma bayan gardamar yara. Saninta na fiziks da na kurakuran ɗalibai ya ƙara zama dole, tunda tambaya maras kyau tana mayar da hanyar wasan ɗaga takarda.

Akwai abin da bai warware ba. Wasu yara kamar biyar har ƙarshen shekara sai sun saci kallon takardar maƙwabci kafin su ɗaga tasu, kuma makinsu bai motsa ba. Hanyar ta fi ƙarfi a fahimta fiye da dogon lissafi mai matakai, wanda har yanzu yake buƙatar malami ya warware a allo yaro ya maimaita shi kaɗai. Malamar ta rufe shekarar da tarin tambayoyin lantarki da aka gwada, na ƙarfi da motsi kuwa 'yan kaɗan ne. Sashen ya amince a ba sababbin ɗalibai tambayoyin fahimta a makon farko na shekara mai zuwa, a sake ba su a ƙarshe, a azuzuwan biyu, kuma malamin ɗaya ajin ya karɓi tambayoyin lantarkin zai gwada su a zango na biyu.